Eriya huɗu amma sigina na nuna min hanya uku, ina matsalar take?

ɗan_Aboabo: Salam 'yan uwa. Ina da RTL-SDR (ƙaramar na'urar kama siginar rediyo da ake sa wa kwamfuta) guda huɗu a kwamfuta ɗaya, na jera eriya huɗu a kan katako, mita ɗaya tsakanin kowace biyu, ina so in gane ta ina sigina na 433 MHz ke zuwa. MUSIC (wani tsarin lissafi na gano hanyar da sigina ke fitowa) nake amfani da shi amma sai ya fito min da hanya biyu uku kuma kullum canjawa yake, ko eriya ce ta yi kaɗan?

injiniya_Asawase: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin maganar eriya, na'urorin nan agogo ɗaya suke bi? In kowace na kan nata kiristal, wato agogonta na ciki, to aikin banza kake, don lissafin gaba ɗaya a kan ɗan bambancin lokacin da sigina ke isa kowace eriya yake. Shi ya sa KrakenSDR, na'urar da aka ƙera don irin wannan aiki, ta haɗa irin na'urorinka guda biyar kan agogo ɗaya, har da abin da ke sakin ƙara a ciki don daidaita su. Kebul ɗinka ma su zama tsawo ɗaya.

malam_rediyo: Gaskiyar injiniya, amma tazarar ma ta yi yawa. A 433 tsawon zango, wato tsawon igiyar sigina ɗaya, kusan santimita 69 ne, rabinsa wajen 35, ka wuce haka a jeri iri ɗaya dole hanyoyin ƙarya su fito. Ba sai ka ƙara eriya ba, ka ɗauki santimita 35 a matsayin taki ɗaya, ka sa su a taki 0, 1, 4, 6 wato santimita 0, 35, 140, 210. Lissafa tazarar kowace biyu za ka ga 1 zuwa 6 duk sun fito babu wadda ta maimaitu, huɗu na aikin jerin bakwai kenan, sai dai yana son ka tara sigina da yawa kafin lissafin ya zauna. Kuma layi miƙaƙƙe bai san gaba da baya ba fa.

ɗan_Aboabo: Na gode Malam, agogon kam ban haɗa ba. A saman bene nake gwadawa.

injiniya_Asawase: Saman bene a Aboabo?? Kwano ko'ina, sigina na dukan rufi yana dawowa ta gefe, MUSIC kuwa ba ya jituwa da irin wannan. Nemi filin ƙwallo, aboki ya tsaya can nesa riƙe da rimot mai sakin sigina a 433, ka fara da kusurwar da ka riga ka sani.