Tsohon kuɗin da kuka zaci dami kuka tsinta a kala

Mai Anini: Jama'a, wa ya taɓa riƙe tsohon kuɗi har ya fara lissafin mota, lissafin ya watse? Ni a adakar marigayiya kakata na samu liyari na azurfa mai hoton wata mata, an rubuta 1780. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Da na kai wa wani dattijo a kasuwar Kurmi, ko juya shi bai yi ba ya ce, "Yaro, ai dukansu 1780 ne." Ashe shekarar da matar hoton, sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, ta rasu ce, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara har yau. Ya ɗora a sikeli, giram 28, ya yi mini kuɗin azurfa kawai. Na mai da abina adaka.

Ɗan Alkahira: Gara kai, naka na gaske ne. Ina karatu a Masar wani ya ja ni lungu, yana waige-waige, ya sayar mini da "kuɗin Rumawa". Waigen nan ne ma ya sa na yarda. Daga baya wani abokina ya nuna mini layin haɗi a gefensa da 'yan ramuka kamar na waina: zubi ne. Na ainihi da guduma ake buga su. Kuma da na gasken ne, dokar Masar ta 1983 kan kayan tarihi ta hana cinikinsa, da a filin jirgi zan yi bayani.

Maman Ilham: Ni da hannuna na yi wa kaina. Ƙanena ya aiko mini da na tagulla daga Ingila, na zamanin Kwanstantin sarkin Rumawa, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337. Irinsu suna da yawa, ba su da tsada. Na ga ya yi kore, na sa masa lemon tsami da toka kamar tukunya. Koren ya tafi, rabin fuskar sarkin ta bi shi.

Mai Anini: Kai, Hajiya! Toka fa?

Maman Ilham: Har da soson ƙarfe, ɗan'uwa.

Baba Na Gusau: Ku yara kuna neman na Rumawa, ga kwabo mai huji muna ƙulla wa ɗan maraƙi a wuya. Aninin 1907 na alminiyam nake nema, mai tauraro da rubutun Larabci. Wanda yake da shi, don Allah kada ya wanke.