Zauren Masu Karatu na Kaduna: ana neman gajerun labarai kan auren da ya ƙi daɗi

Maman Ilham (Unguwar Rimi): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina neman gajerun labarai kan auren da ya ƙi daɗi, irin wanda mutum zai gama tsakanin isha'i da barci. Ban da irin na waya ɗin nan masu shafi ɗari biyu, miji attajiri, kishiya da bokanta, a ƙarshe ya zo ya durƙusa yana kuka. Na ƙoshi da su. Hausa ko Turanci duk ina so.

Anti Hajara (Tudun Wada): Wa alaikumus salam. Ki fara da labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa. Tun 2016 ake yin ta, ta mata ce zalla, kuma ƙa'idarsu kalma 1000 zuwa 1500, saboda haka ba filin zayyana launin labule da sunan mota. Ki nemi "Rai da Cuta" na Maryam Umar 'yar Sakkwato, shi ya zo na ɗaya a 2020. Miji ya dawo daga tafiya da alamun korona, ya ce shi sam bai yarda da cutar ba, matar kuma ga ciki. A sama labarin annoba ne, amma ni aure na gani a ciki: mace ta san gaskiya sarai, maganarta kuma ba ta da nauyi a ɗakinta.

Malam Sani (Kawo): In ba lallai sai gajere ƙwarai ba, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Ba shi da kauri. Rabi da 'ya'yanta tara, mijinta Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannu, amma abin da yake ajiye mata na cefane ko rabin gidan ba ya ciyarwa. Daga baya ya auro Delu, ya kori Rabi da yaran. Abin da ya sa nake ba mutane shi, zaluncin a kuɗin cefane ya fara, ba a asiri ba. Duk magidancin da ya karanta wurin nan sai ya ɗan yi lissafin kansa.

Ummi (Badarawa): Malam, littafin ya yi, amma har gobe ban yafe wa ƙarshensa ba. Mace ta tashi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu cikin mutunci. Wuta ta cinye masa shago, Delu ta juya masa baya, sai kuma a taru a kan Rabi wai ta koma? Da yana da kuɗi wa ya taru a kansa?

Hajiya Babba (Unguwar Sarki): Ummi 'yata, ai tambayar da kika yi ita marubuciyar take so ki yi. Da ta sa Rabi ta auri wani mai kuɗi ta wuce Saudiyya, da kin rufe littafi kin yi barcinki. Matar nan an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙaramar yarinya, ta san yadda dangi ke zagaye mace da "ki duba yaranki" har sai ta rasa ƙofar fita. Mu da muka ga jiya mun ga Rabi fiye da goma a unguwa ɗaya.

Ummi (Badarawa): Hajiya na ji, amma ita ɗin ce dai ta rubuta Wa Zai Auri Jahila, inda Abu ta gudu daga auren dole ta je ta yi karatu. To ashe ana iyawa.

Hajiya Babba (Unguwar Sarki): Abu ba ta da tara a bayanta.

Maman Ilham (Unguwar Rimi): Haba jama'a, kun ƙarar mini da littafin tun ban buɗe ba! Masu zuwa don Allah a riƙa rage mini ƙarshe.

Malama Rukayya (Malali): To ni zan rage. Ki nemi tarin labaran Alifa Rifaat, 'yar Masar, wanda ya fito da Turanci a 1983 da sunan Distant View of a Minaret. Labarin farko, wanda littafin ya ci sunansa, shafi kaɗan ne. Mata da miji a wani bene a Alƙahira, ba duka ba zagi, sai dai shi buƙatar kansa kawai ya sani a shimfiɗa, ta taɓa gwada yi masa magana ya nuna mata kamar ta yi rashin kunya, daga nan ta haɗiye. Ta tashi ta yi wanka, ta yi la'asar, ta tsaya a taga. Da can tana hango hasumiyoyin birnin da yawa, yanzu gine-gine sun tare, saura guda ɗaya tak. Sai ta haɗa masa gahawa ta kai ɗaki. Nan na tsaya. Ki dai lura da abin da ta yi da gahawar.

Malam Sani (Kawo): Malama, irin wannan ba ya wuce gona da iri kuwa? Kin san fassarar Turawa.

Malama Rukayya (Malali): Ko kusa, Malam. Matan da ke cikin labaranta da kiran salla suke auna yininsu, kuma ba addini suke tuhuma ba, haƙƙin da addinin ya ba su suke nema. Ita kanta mijinta ya hana ta buga rubutu shekaru da dama. Wasu littattafan da 'yan matanmu ke turawa juna a waya sun fi shi rashin kunya nesa ba kusa ba, kuma ba abin da suke koyarwa.

Khalifa (Rigasa): Iyayena ku ba ni dama in sa baki duk da ban yi aure ba. Akwai The Story of an Hour na Kate Chopin, Ba'amurkiya, 1894. Yana intanet kyauta, minti biyar an gama. An zo an gaya wa mace mijinta ya mutu a haɗarin jirgin ƙasa. Ta yi kuka na gaske, ta shiga ɗaki ta kulle, sai ta ji wani irin sauƙi yana shigarta, har ita kanta ta tsorata da shi. Abin da ya ɗaure mini kai, labarin ya faɗa ƙarara cewa mijin mai kirki ne, yana son ta.

Anti Hajara (Tudun Wada): Khalifa ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Marubutanmu ba sa barin mace ta yi baƙin ciki sai sun fara mai da mijin azzalumi, kamar sai an nemo mata izini. Auren da ya fi yawa a garin nan kuwa ba shi da azzalumi. Akwai gidan da na yi haya a da, ɗakinmu na kallon nasu. Mutumin zai shigo bayan magariba, ya ɗora ledar burodi a kan firji, ya ce "akwai ruwan wanka?" Ta kai masa. Ya ci tuwo da hannu ɗaya, rediyo a kunne. Ta kwashe kwano. Shi ke nan hirar ranar. Bai taɓa rage ta da ci ko sutura ba, ko salla ɗinki biyu yake yi mata. In ta je gida ta ce me? Wa zai saurare ta? Wannan matar nake jira wani ya rubuta da Hausa, ba tare da an kawo kishiya ta ceci labarin ba.

Malam Sani (Kawo): To shi mai ledar burodin fa? Wa ya tambaye shi abin da ya sa ya yi shiru? Mu ma fa ana gasa mana aya a hannu, ba mai rubutawa.

Ummi (Badarawa): An rubuta muku tun 1937 Malam, Kalalatu ta cinye wa Kalala kajin baƙo a Magana Jari Ce 😂

Malam Sani (Kawo): Allah ya shirye ki Ummi. Da gaske nake. Duk wanda ya san labarin da ya shiga zuciyar mijin, ba don a wanke shi ba, ya turo.

Hajiya Babba (Unguwar Sarki): Kafin a samo wa Malam nasa, kada a manta da Mariama Bâ ta Senegal. Da Faransanci ta rubuta a 1979, na Turancin So Long a Letter, da yawanku kun yi shi a sakandare kuna haddace sunaye don jarrabawa. Ku sake karanta shi yanzu da kuka san ɗaki. Ramatoulaye tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta Aissatou wasiƙa. Bayan shekara 25 da 'ya'ya 12, mijin ya auri ƙawar 'yarsu, kuma ba shi ya gaya mata ba, liman da yayansa da amininsa aka turo bayan an riga an shafa fatiha, suka zauna suna kewaye-kewaye da zancen ƙaddara. Aissatou da aka yi wa irin haka ta kwashe yaranta ta tafi, ita ta zauna. Littafin bai ce wance ta fi wance ba.

Maman Ilham (Unguwar Rimi): Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na Khalifa zan fara da shi yau tunda yana waya. Malama, na Masar ɗin kina da shi a takarda?

Malama Rukayya (Malali): Ina da shi, bangon ya ɗan yage amma shafukan sun cika. Ki aiko ranar Asabar bayan azahar. Sharaɗi ɗaya, kada ya bi hannu. Na Balaraba da na ba da aro a zauren nan har yau bai dawo ba, wadda ta ara kuma tana karanta saƙon nan.

Ummi (Badarawa): Malama saura babi biyu ƙanwata ta gama, wallahi Asabar ɗin zan haɗo da shi.