Neman kalma da gaggawa: ɗan gogen da Turawa ke goga wa mai kukan daɗi

Maman Hanan
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku taimaka mini, lokaci ya ƙure. Ƙarfe takwas na daren yau zan gabatar da shirin kimiyya a rediyo, kuma labari ɗaya ya tsaya mini a maƙoshi tun safe.

Masana fiziya a Jami'ar Loughborough da ke Ingila (Lafbara ake furta sunan) sun sanar a watan Yunin 2025 cewa sun ƙera goge irin na Turawa da ƙarfen filatinam, tsawonsa maikiron 35, faɗinsa 13. Maikiron ɗaya shi ne ka raba milimita gida dubu ka ɗauki ɗaya. Kaurin silin gashin mutum kuwa yana kamawa daga maikiron 17 har 180. Gogen ba ya kiɗa. Siffarsa ce kawai aka zana a kan ɗan guntun faifai da wata allura mai zafi, sannan aka zuba filatinam ya zauna a gurbin, don su gwada sabuwar na'urarsu.

Duk wannan na fassara lafiya lau. Inda na maƙale shi ne dalilin da ya sa suka zaɓi goge. Turawa suna da wata magana, "the world's smallest violin". Idan mutum ya cika ƙorafi a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai wani ya haɗa babban yatsa da manuni ya riƙa murza su, ya ce ga goge mafi ƙanƙanta a duniya yana goga masa. Wato ga iyakar girman tausayin da nake ji maka. In ban bayyana wannan ba labarin ya zama lami, ga shi minti huɗu kacal aka ba ni. Me zan kira abin, me kuma zan kira maganar?

Bakatsine
Wa alaikumussalam. Ai muna da shi: gatse. Ki ce "jajen gatse". Shi kuma mai ƙorafin kukan daɗi yake yi. Shi ke nan.

Tsohon Malami
Malam Bakatsine, a bi gatse a hankali. Yadda muka koyar da shi a aji, gatse shi ne ka umarci mutum da abin da ba ka so ya yi. Uwa ta ga yaro yana wasa da wuƙa ta ce "ci gaba, kada ka fasa." Wannan na Turawa ya fi kusa da shaguɓe ko ba'a. Sai dai na yarda a bakin mutane gatse ya faɗaɗa, ya koma duk maganar da baki ya faɗi abu alhali ana nufin akasinsa. Don haka "jajen gatse" zai shiga kunne. Abin da ba na so ki ce, 'yata, shi ne "tausayin ƙarya". Ita ƙarya ana yin ta ne don kada a gane. Wannan kuwa so ake mutum ya gane, ya ji kunya, ya yi shiru.

Ɗan Damagaram
Hajiya, kafin a kai ga kalma, ki kula da yatsun nan. A tashar Zinder ko Maraɗi ko Kano, duk wanda ya murza babban yatsa da manuni kuɗi yake nufi. Kika kwatanta haka ba bayani, mai sauraro zai ɗauka Baturen cewa yake a biya shi kafin ya tausaya. Ki faɗa ƙarara cewa yatsa ɗaya gogen ne, ɗayan kuma abin gogawa.

Sunan abin kuwa, mu a lakwal, wato makarantar boko, "biyolon" muka ji, ku "bayolin". Kada ki ari ko ɗaya. "Gogen Turawa" ya isa ko'ina, ko da yake mu nan "gogen Nasara" ya fi mana sauƙi a baki.

Ɗan Maƙera
Jama'a kun bar jaki kuna dukan taiki. Tambayar ita ce ƙaramin goge, kuma Bahaushe ya riga Bature mallakar ƙaramin goge da sunansa: kukuma. Ita ce ƙanwar goge, ita Ibrahim Na Habu ya kaɗa, ita Ahmadu Doka da Hassan Wayam suka kaɗa. Saura kawai a ƙara mata ƙanƙanta. Ga tawa: kukumar ƙuma. Ku furta ku ji yadda take gangarowa. "Zo in goga maka kukumar ƙuma." Ga ƙanƙanta, ga kiɗa, ga raini, duk a kalma biyu. Maman Hanan, ki saka ta a shirin yau, wallahi kafin sati za ki ji ta a bakin 'yan adaidaita.

Bakatsine
Tana da daɗin faɗa, ban musa ba. Amma minti huɗu gare ta. Za ta bayyana maganar Turawa, sannan ta dawo ta bayyana taka?

Ɗan Maƙera
Kowace kalma akwai ranar da aka fara jin ta. Ranar da aka fara cewa "jirgin sama" ma sai da aka yi bayani.

Jikar Mai Goge
Ku yi haƙuri in sa baki, don maganar ta taɓa ni. Kakana na wajen uwa mai goge ne. Na tashi ina ganinsa da yamma yana kara ƙoƙon kusa da garwashi don fatar guza ta ɗaure, yana murza ƙaro a izgar doki, yana ɗan ja yana saurare da kai a karkace har sai muryar ta zauna. Tsirkiya ɗaya ce, ba huɗu irin ta Turawa ba, amma idan ya ɗora, masu ƙwarya suka amsa, babu mai iya zama. Mata su ɗaure gyale a ƙugu, samari su cika fili. A wajen masu bori ma kowane iska da taken da ake goga masa.

Ban taɓa ganin wanda ya yi kuka don an goga goge ba. A kunnen Bahaushe goge rawa ne, biki ne, duniya ce. Ka ce wa mutum "bari in goga maka kukuma", abin da zai ji shi ne za ka yi masa wasa ya taka, ko ka wasa shi ya yi maka liƙi. Tausayin da maganar Turawa ta dogara a kansa babu shi a namu gogen. Malam Ɗan Maƙera, kalmarka ta ɗauko ƙanƙantar ta bar baƙin cikin a hanya.

Sannan, gaskiya, mun sha gori a makaranta, ana ce mana jikokin maroƙi. Ba zan so a ƙara mai da sana'ar tsohon nan abin yi wa mutane ba'a ba.

Ɗan Maƙera
Allah Ya jiƙan kaka, 'yar'uwa. Ban yi nufin raini ba. Amma ma'ana ai mu ke ɗora wa kalma.

Malam Na-Ƙamus
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ya wuce wannan. Don me duk tarin da Bature ya yi sai mun nemo masa Hausa? Da haka aka cusa mana "hawayen kada". Da haka yanzu kake jin mai gabatar da shiri yana cewa "a ƙarshen rana", ba kuwa magariba yake nufi ba. Harshen da Bargery ya cika ƙamus guda da shi tun 1934, harshen da Jami'ar Bayero ta yi wa ƙamus na Hausa zalla a 2006, shi ne yau yake rancen hanyar yi wa mutum ba'a?

Ku saurari tsofaffin mata a tsakar gida. Yarinya ta zo tana kumbura don an ba ta nama biyu an ba yayarta uku, sai kaka ta ja murya: "Allaaah sarki, baiwar Allah. A shimfiɗa tabarma ne mu zauna makoki?" Ko ta ce "ko a jikina, an tsikari kakkausa." Wane goge ne ya kai wannan? Ba kukumar ƙuma muke bukata ba, kunne muke bukata.

Tsohon Malami
Ta tabarmar makoki ta yi daidai ƙwarai, Malam. Ta kakkausa kuwa halin ko-in-kula ce, babu kwaikwayon tausayi a cikinta. Amma ka tuna ita labarin wani abu da aka ƙera a Ingila take bayarwa. Ba za ta ce masanan sun ƙera tabarma ba.

Ɗan Maƙera
Malam Na-Ƙamus, da irin wannan ra'ayi aka bi da har yau "intanet" kawai muke cewa. Wani ne ya zauna ya ce "yanar gizo", aka yi masa dariya, yau ga ta a bakin kowa.

Malam Na-Ƙamus
"Yanar gizo" ta zauna ne don babu abin a gidanmu. Ina kuma "na'ura mai ƙwaƙwalwa"? Je kasuwar Farm Centre ka nemi na'ura mai ƙwaƙwalwa ka ga ko ba "kwamfuta" za a maimaita maka ba. Ƙirƙira ba wasan yara ba ce. Da can akwai Hukumar Harshen Hausa da ke tace kalma kafin ta fita. Yanzu kowa da wayarsa ya zama hukuma.

Ɗan Damagaram
To, tunda an zo nan. Hukumar wa? Kullum sai a zauna a Kano ko Zariya a yanke, mu kuma a aiko mana. An manta a Yamai aka zauna a 1980 aka daidaita rubutun Hausar da muke amfani da shi tsakanin Nijar da Najeriya. Kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ku can har yanzu Ingilishi ke mulki a ofis. In ana maganar wanda zai tace kalma, a riƙa tunawa da mu.

Bakatsine
Ɗan'uwa, ai ko mu Katsinawa haka Kanawa suke mana. Ka ce "shina zuwa" a gyara maka kamar ka yi laifi.

Malam Na-Ƙamus
Daidaitacciyar Hausa ba ta Kano ba ce ita kaɗai, ta kowa ce. Rubutu daban, karin harshe daban.

Ɗan Damagaram
Haka ake faɗa a littafi.

Maman Hanan
Don girman Allah ku dawo. Ƙarfe shida ta wuce, edita yana tsaye a kaina yana jiran takarda. Yamai da Kano duk na gaishe su. Me zan ce?

Fati 'Yar Fagge
Anti, ni ƙarama ce a nan amma ga abin da na gani. Gaskiyar Anti Jikar Mai Goge ne, namu gogen ba na kuka ba ne. Amma wancan sautin mun san shi sarai, daga finafinan Indiya, har namu na Hausa suka ɗauka. Da zarar an kori marainiya daga gida, ta ɗauki ƙullin kayanta, sai ka ji siririn kiɗan nan ya taso. Mu "kiɗan tausayi" muke ce masa. A ɗakinmu na makaranta idan wata ta fara ƙorafin wai babanta ya turo kuɗi bai haɗa da na data ba, sai mu ce "a sako mata kiɗan tausayi." Kowa ta gane, ita ma ta yi dariya ta bari. Ba mu taɓa sanin Turawa na da irinta ba.

Tsohon Malami
Madalla da ke, Fati. Kuma asalin ɗaya ne. Kafin finafinai su fara magana a wajejen 1927, makaɗa ake ajiyewa a cikin silima suna bin hoton da kiɗa, idan aka zo wurin baƙin ciki sai masu goge su ja shi a hankali. Wannan na cikin abin da ya sa kunnen Turawa ya haɗa goge da hawaye, har abin ya yi yawa ya koma abin tsokana. Yarinyar nan ta kawo mana gadar da muke nema, kuma ba ƙera ta aka yi yau ba, a bakin mutane ta same ta.

Maman Hanan, ga shawarata. Abin ki kira shi "gogen Turawa mafi ƙanƙanta a duniya". Maganar ki ce jajen gatse ce da ake yi wa mai kukan daɗi, kamar yadda yaranmu ke cewa a sako masa kiɗan tausayi.

Malam Na-Ƙamus
Kiɗan tausayin ma daga Bombay ya zo. Amma tunda jimlar Hausa ce tsaf, ba zan ja ba. Da dai an sa tabarmar makoki.

Ɗan Maƙera
Wato jimla uku za a yi a inda kalma biyu ta isa. To. Ni dai na ajiye kukumar ƙuma a nan da kwanan wata. Ko sau ɗaya ki ambace ta, ki ce wani ya ba da shawara.

Jikar Mai Goge
Ni dai roƙona a ce "na Turawa" a fili, kada a bar "goge" shi kaɗai.

Maman Hanan
Na fito yanzu, na gode muku duka. Ga yadda na karanta: "Idan Bature ya ga mutum yana kukan daɗi, sai ya murza yatsu biyu, ba kuɗi yake nema ba, kwaikwayon goga wani ɗan mitsitsin gogen Turawa yake yi. Jajen gatse ke nan, irin abin da 'yan matanmu ke cewa a sako masa kiɗan tausayi. Wannan gogen na baka shi masanan suka mayar na gaske." Na ce "gogen Turawa" sau uku, Anti, ban bar shi shi kaɗai ba.

Tabarmar makoki na saka, lokaci ya cinye ta. Malam Ɗan Maƙera, na rubuta taka a gefen takarda, edita ya karanta ya ce "kukumar wa?" ya ja mata layi. Mutum biyu sun bugo waya bayan shirin. Ɗaya ya tambayi amfanin na'urar, na ce masa bincike ne kan ƙananan kayan da ke cikin kwamfuta. Ɗayan tsoho ne daga wajen Gumel, ya ce shi dai a garinsu ba a cewa jajen gatse, "sannun ƙeta" suke cewa.

Ɗan Maƙera
Sannun ƙeta ba ta da goge a ciki.

Tsohon Malami
Ba ta da shi. Maman Hanan, in tsohon ya sake bugowa ki tambaye shi yadda suke sa ta a jimla, ina so in rubuta.