Fulogin ɗin DokuWiki: in saka da kaina ko COGES ta biya mai gyara?

Mushen SVT, Tawa: Assalamu alaikum ƴan'uwa malamai. Shawara nake nema. Muna da wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin malamai, Debian 12 ce a kanta, mun saka mata DokuWiki, wata manhajar wiki da malamai ke rubuta shafuka a cikinta, don tara darussa. Mun zaɓe ta ne saboda ba ta buƙatar rumbun bayanai irin MySQL, kowane shafi fayil ne na rubutu cikin data/pages. Malamai na shiga ta wifin cikin makaranta, amma intanet babu. Yanzu kaya sun yi yawa, darussan siziyam sun cakuɗe da na turwaziyam, tsofaffin tambayoyin BEPC kuma sai an sha wuya a gano su. Ina son in ƙara fulogin, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa wikin: tag da pagelist da indexmenu don tsara shafuka, sai dw2pdf don a riƙa fidda darasi a buga. Ko dai in jona wayata da kwamfutar in rubuta umarnin da hannuna a baƙar taga (terminal, inda ake buga wa kwamfuta umarni), ko kuma COGES, kwamitin kula da makaranta, ta biya wani yaro da ya ce zai yi a jika 25. Direkta na jiran amsata ran Litinin. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Ɗan Konni: Wa'alaikumus salam Mushe. Mi ya kai ka wannan wahala? Mu gurup na WhatsApp muka buɗe, kowa ya jefa darasinsa, shi ke nan.

Madam Maths: Moodle ya fi. Da shi aka yi mana horo a Yamai, har maki yake ba yara da kansa.

Mushen SVT, Tawa: Na gode, amma ku duba, na ce babu intanet, kuma wikin na nan yana aiki. WhatsApp ɗin ma mun yi, darasin watan Oktoba in ka neme shi a Maris sai a ce maka fayil ɗin ba ya cikin waya.

Mai Linux na Yantala: Yaya, abin bai kai jika 25 ba. Jona wayar da kebul, ka kunna raba intanet ta USB. Ka shiga inda DokuWiki take, ka rubuta:

sudo -u www-data php bin/plugin.php extension install tag pagelist indexmenu

Abin lura shi ne www-data ɗin nan, sunan da wikin ke aiki da shi a cikin na'urar. In ka saka su da sunan root, wato babban mai iko a na'urar, fayilolin za su zama mallakar root, gobe in ka zo sabunta su daga shafin admin sai ya ƙi. Kuma tag na dogara da pagelist wajen jera shafuka, shi ya sa na haɗa su. dw2pdf ya fi sauran nauyi sosai, ka bar shi sai dare lokacin da rezo ya lafa. In rezo ya ƙi gaba ɗaya, sauko da zip ɗin a wani wuri, ka kawo a kile, ka warware cikin lib/plugins. Amma sunan jakar dole ya zama daidai da abin da ke layin base cikin plugin.info.txt. Zip ɗin GitHub kan zo da wutsiyar master a sunansa, in ba ka cire ba fulogin ɗin ba zai tashi ba.

Tsohon ɗan kwantaragi: Mushe, ko da kanka ko da yaro, ka ji nawa tukuna. Na koyar da PC, wato fizik da shimi, a wata makarantar kuɗi a Yamai. Irin wikin nan na gina da hannuna, ba wanda ya ba ni ko dala. Darussan optik da na lantarki, hotunan gwaje-gwaje da na ɗauka da wayata, gyaran tambayoyin BAC da na zauna na warware ɗaya bayan ɗaya da dare ana cizon sauro. Sai mai makarantar ya kawo ɗan ƙanensa wai ya karanta informatik, a ba shi mabuɗin komi. Yaron ya ɗaga na'urar daga Debian 11 zuwa 12 bai tambayi kowa ba. PHP, wadda DokuWiki ke aiki da ita, ta tashi daga 7.4 ta koma 8.2, wani tsohon fulogin ya kasa ɗauka, da safe muka buɗe shafi fari fat. Abin da ya kamata kawai a kashe wannan fulogin ɗin guda, layi ɗaya ne cikin conf/plugins.local.php. Shi kuwa sai ya share jakar dokuwiki ɗungurungum da rm -rf don ya sake sakawa, bai san data na cikinta ba. Shafuka, hotuna, har attic inda tsofaffin kwafi ke zama, duk suka tafi. Na tarar da shi yana shan lipton, ya ce mini ai ya gyara, ga shi sabo ful. Wallahi ƙafafuna sai da suka kasa ɗaukata. Da na kai kuka wajen mai makarantar, cewa ya yi ai dama aikin makaranta ne ba nawa ba, in sake rubutawa. Ƙarshen shekara na ajiye musu allinsu. Har yau in na ga farin shafi a kwamfuta gabana faɗuwa yake.

Madam Maths: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Mushe. Babu ko kwafi a kile?

Tsohon ɗan kwantaragi: Akwai wanda na'urar ke yi da kanta, amma cikin wannan jakar yake ajiyewa. Na roƙi a sayo disk na waje tun farko, aka ce babu kuɗi.

Ɗan Konni: To ka gani. Da WhatsApp ne da yana wayar mutum ashirin.

Bagobirin Madawa: Ni dai kuɗin yaron nan ne ya tsaya mini. Jika 25? Namu jika 10 ya amsa, har da saka antibiris.

Mai Linux na Yantala: Antibiris a Debian? To wannan jika 10 ɗin ma an ci banza.

Hajiya Sakatariya: A Yamai ba mai taɓa maka serber ƙasa da jika 40. Kuma ku daina maganar fulogin, ondilar za ku saya, mai batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Mu ɗaukewar wuta ce ta kashe mana disk lokacin zafin Afrilu. Na sayo ondilar jika 45 a Babbar Kasuwa.

Ɗan Konni: Hajiya an tsuga miki. Jika 28 ake kawo shi nan daga Sakkwato.

Hajiya Sakatariya: Wanda batirinsa ke mutuwa kafin damina? Na gode, ɗana.

Bagobirin Madawa: Mushe, kar ka bi shawarar Mai Linux, Bazabarme ne. Umarnin da ya ba ka in ka buga, kwamfutar za ta fara neman kopto da dambu.

Mai Linux na Yantala: Bawana ya yi magana. Bagobiri, je ka fara koyon kashe kwamfuta ba tare da zare mata waya ba, sa'an nan ka dawo.

Sansar mai ritaya: Ku bar raha, mutum na da amsar da zai kai ran Litinin. Ni abin da na gani a aiki, wanda bai taɓa riƙe aji ba bai kamata ya tsara wa malamai ma'ajiyar darasi ba. Ɗana na Yantala, ka san na'ura, amma ka taɓa tsayawa gaban yara tamanin? Malami ba ya neman tag. Aji yake nema, sai fanni, sai zango. In Mushe ya tsara sunayen shafukan tun farko, kamar svt:3e:zango1, rabin abin da yake nema ya samu ba tare da ya ƙara komi ba.

Mai Linux na Yantala: Baba, da girmanka, ban taɓa koyarwa ba, gaskiya ne. Amma tambayar da ya yi ta umarni ce, ita na amsa. Kuma tsarin da ka faɗa shi ne indexmenu ke nunawa kamar reshen itace a gefen shafi, ba su saɓa ba. Sai dai shafukan da ya riga ya zuba barkatai, in zai matsar da su yana buƙatar fulogin ɗin move, in ba haka ba duk mahaɗan da ke tsakaninsu za su tsinke.

Madam Maths: Baba Sansar, a zamaninku da stensil ake buga darasi. Ku bar yara su faɗi abin da suka sani.

Sansar mai ritaya: Stensil ɗin nan har yau akwai nawa a kwali, ɗiyata. Na Mushen PC fa, ina yake?

Mushen SVT, Tawa: Ina karantawa duka. Yau da marece na kwafe data da conf a kile biyu, ɗaya na kai gida. Mai Linux, in na saka fulogin ya ba ni farin shafi, akwai umarnin kashe shi daga baƙar tagar?

Mai Linux na Yantala: Akwai, maimakon install ka sa disable da sunansa. Ɗaya-ɗaya za ka saka, kana duba shafin bayan kowane.

Madam Faransanci: Ku gafarce ni, amma maganar Mushen PC ta taɓo mini inda ke mini ciwo. Wa ke da darasin da aka zuba a irin wannan wuri? Ni na ba da fish ɗina na shirin BEPC don abokan aiki su amfana. Bayan wata biyu na gan su wajen mai fotokopi a bakin makaranta, an goge sunana an sa na wani, ana sayar wa yara dala 100. Ɗiyar maƙwabciyata ce ta kawo mini tana murna ta samu takardu masu kyau. Tun ranar ban ƙara ba kowa ko shafi ɗaya ba.

Bagobirin Madawa: Mu ma haka. Wanda ya fi kowa kwasa shi ne bai taɓa zuba komi ba, kuma da su yake kur ɗinsa na marece yana amsar kuɗi.

Mai Linux na Yantala: Akwai ACL a DokuWiki, wato tsarin ba da izini, ana iya hana wani rukuni ganin wani sashe.

Madam Faransanci: Ƙanena, wanda ya sayar da nawa abokin aikina ne, teburinmu ɗaya. Dole yana cikin masu gani. Wace ACL ce za ta hana shi danna buga?

Tsohon ɗan kwantaragi: Kuma in aka yi wa Mushe afektasiyo zuwa Abalak ko Keita, kwamfutar ta makaranta ce, darussan na biye da shi ko suna zama?

Hajiya Sakatariya: Wannan sai a tambayi direkta tun kafin Litinin ɗin, kuma a rubuce. Madam, shi mai fotokopin kin yi masa magana?