Shin NDPC za ta iya hana 'yan sanda karɓar bayanan waya babu takardar kotu?

Injiniya: Ni ra'ayina ba sai an wahalar da majalisa ba. Bari hukumar kare bayanai ta NDPC ta fitar da umarni kawai, ta ce kada kamfanin waya ya miƙa wa jami'an tsaro bayanan kiran mutum sai da takardar alƙali. Shi ke nan.

Barista: A'a Injiniya, ba a nan gizo ke saƙar ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 da kanta, a sashe na 3, ta sassauta wa hukumomin da ke binciken laifi da na tsaron ƙasa. Umarnin hukuma kuwa ɗa ne ga doka, ba ya ture uwarsa. Ranar da aka kai shi kotu, ranar zai faɗi.

Hajiya: Sassauci dai aka yi, Barista, ba sakin akala ba. Sashe na 24 da 25 da 32 da 40 suna nan a wuyansu: kada su tara fiye da abin da bincike ke buƙata, su nuna hujjar doka, in bayanan suka kwarara waje su sanar da hukuma. Nan NDPC na da bakin magana.

Barista: Na yarda, amma ƙofar da ake shiga tana wani gidan. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tilasta wa kamfanoni adana bayanan masu layi da na zirga-zirgar kira har shekara 2, su miƙa idan jami'an tsaro suka nema. Sauraren abin da ake faɗa a waya ne sashe na 39 ya rataya a hannun alƙali. Wa ka kira, yaushe, daga ina, duk wasiƙar hukuma ta isa. To wannan sashen ne za a taɓa.

Injiniya: Ai sashe na 63 na dokar 2023 ya ce ita ce a sama idan an samu karo.

Barista: Sai ka fara nuna karon. Lauyan gwamnati zai ce sashe na 3 ya riga ya ba da hanya, ina karo?

Hajiya: Hanyar gyaran kuma sananniya ce. Ƙudiri ya wuce karatu na ɗaya da na biyu, kwamiti ya saurari jama'a, a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ta amince da rubutu iri ɗaya. Shugaban ƙasa na da kwana 30. In ya ƙi sa hannu, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ya wadatar. Ta hanyar majalisa aka gyara Dokar Laifukan Intanet a 2024, shugaban ƙasa ya sa hannu. Inda ake tuntuɓe shi ne a rubuta "izinin kotu" a tsaya nan. Wace kotu? Awa nawa za a ba jami'i ya kawo takarda bayan ya karɓi bayanai cikin gaggawa, kamar a batun garkuwa da mutane? Ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ta 2019 kan sauraren waya ta sa awa 48. In ba a sa irin wannan ba, hukumomin tsaro za su kashe ƙudirin tun a kwamiti.

Injiniya: To a ƙara da tilasta wa kamfanoni ajiye rajistar kowace buƙata: sunan jami'i, lambar fayil, da ranar da aka miƙa.