Inuwar Sanda Tsakanin Sinnar da Atbara a Sudan

Ɗan Mai Wurno:

Malamaina, ina da tambaya,
Na ji ta a majalisa jiya,
Wai wanda duk ya juya baya
Ga gaibu, ba shi da mamaki.

Ku masu lissafi da awo,
Ku ba ni amsar da ba ta yawo,
Hasken da ilimi ke kawo
Shi zai isa ya cika ciki?

Mai Alli na Sinnar:

Ƙanena, ajiye gardama,
Samo sanda miƙaƙƙiya mai dama,
Igiya da dutse su zo su ma,
Mu auna duniya, ga aiki.

Daddale fili ya yi bai-ɗaya,
Zuba ruwa, in ya gudu gefe ɗaya
Akwai gangara, sake shi gaba ɗaya,
Gangara kan ja inuwa kamar danƙo a baki.

Kafa sandar, mita 1 a sarari,
Rataya dutse a igiya ka bari
Ya gama lilo ya tsaya wuri,
Sanda ta jitu da igiya jiki da jiki.

Jira 20 ga Maris ta zo,
Ko 23 ga Satumba, in ba hazo,
Rana bisa ƙugun duniya ta zo,
Inuwa za ta faɗi inda kake ciki.

Kada ka bi agogo, zai ruɗe ka,
Tsakar ranar gari daban da ta wayarka,
Tun ƙarfe 11 fara alamarka,
Duk minti 5 tsinke guda, ba raki.

Inuwa na gajarta, tana ja baya,
Sai ta tsaya, ta sake miƙa wuya,
Mafi gajartar ita ce gaskiya:
Santimita 24, Sinnar ga naki.

Tsohon Reluwe na Atbara:

Malam, sannu, na karɓi zance,
Amma sanda ɗaya ba ta tantance
Ko ƙasa dunƙule take ko kwance,
Sai an sami abokin aiki.

Mu nan Atbara arewa muke,
Kusan layi guda da Sinnar muke,
Sanda irin taka, tsaye take,
Santimita 32, Atbara ga naki.

A zana a takarda, a yi lissafi,
Kusurwar Sinnar digiri 13.5, ba haufi,
Ta Atbara 17.7, ta fi,
Digiri 4.2 ke tsakanin, ga maki.

Raba 360 da tazarar nan,
Kusan 86 za ka gani nan,
Ninka da kilomita 460 na garuruwan nan,
Miƙaƙƙen layi, ba hanyar jaki.

39,500 da ɗoriya ta fito,
Ainihin kewayen 40,000 ne, ƙato,
Sanda biyu sun ɗauke shi hoto,
Wa zai gani bai ji a jiki?

Masani Iratostinis a Iskandariya
Da ranar Aswan ya buɗe hanya,
Kashi 1 cikin 50 na da'irar duniya,
Fiye da shekara 2,200 da wannan aiki.

Amma ku ji tsoron kuskure ɗaya,
Santimita 1 in ta kauce hanya
Rabin digiri ya tafi gaba ɗaya,
Kilomita wajen 5,000 sun faɗa tafki.

Malama 'Yar Gadarif:

Baba, bakin inuwa dishi-dishi yake,
Don faifai ce, ba ɗigo ba ce rana.
A tsakiyar dishin za a soka tsinke,
Ku biyun ku shirya haka kafin ku auna.

Ga wani awon da kwali da allura,
Huda ta milimita 1 ta isa magana.
Ka juya baya, kada ka dubi rana da ido,
Ko daƙiƙa kaɗan ne, ido zai ƙuna.
Farar takarda, mita 1 daga hudar,
Da'irar haske ta milimita 9 za ta nuna.
Ashe nisan rana ya ninka faɗinta sau ɗari da 'yan kai,
Kilomita miliyan 150, raba ka zauna,
Kusan miliyan 1.4 ne faɗin,
Duniya 109 a jere kafin a ƙetare rana.
Huda in ta yi faɗi aiki ya ɓaci,
Siffar hudar ce kawai za ta zana.
Ibnul Haisam ya bayyana wannan a Alƙahira,
Shekara dubu ke nan, har yau muna tuna.

Ku duba ƙarƙashin darbejiya da tsakar rana,
Ɗigon hasken duk zagaye, kowanne hoton rana.
Ran 2 ga Agusta 2027 akwai husufi,
Duk za su koma lauje a ƙasa, mu gani in muna da kwana.

Alaramma na Bakin Nilu:

'Ya'yana, awonku na karɓa,
Ga nawa shi ma sai ku duba,
28 ga Mayu rana na bisa Ka'aba,
11:18 agogon Sudan, a fito ɗaki.

16 ga Yuli ta kan maimaita,
11:27 ne lokacinta,
Inuwa na bayanka, rana za ka fuskanta,
Alƙibla ke nan, daidai da tsarki.

Ni in na auna, tasbihi nake,
Na san Wanda na gode wa, a nan nake,
Wanda bai yarda ba, ina yake
Kai godiyar da ta cika masa baki?

Mai Kallon Sama:

Baba, na gaishe ka, na durƙusa,
Tambayarka ta shiga, ta yi nisa,
Mara imani ma yana ɗaga kai bisa,
Abin da ya gani kan ɗaure masa baki.

A fita bayan gari daren sanyi,
Babu wata, babu ƙura a yanayi,
Minti 20 ido ke so ya yi sauyi,
Hasken waya ɗaya ya rushe aiki.

Kaza da 'ya'yanta na can sama,
Ido na ƙirga 6, mai kaifi 7 ma,
Madubin hangen nesa in ka kama,
Jingina gwiwar hannu, gommai ne ciki.

Hasken da ya shiga idonka yau
Shekara wajen 440 ya ɗau,
Ya baro gida daular Funj na zamani mai kyau,
Sinnar na da fada da sarki.

Ƙarfen da ke cikin jininmu, Baba,
Taurari suka dafa tun duniya ba ta zo ba,
Suka fashe, ƙurarsu aka raba,
Da ita aka yi ƙasa, da mutum, da doki.

Rai guda ne ke gare mu a ganina,
Shi ya sa nake tattalin kowace rana,
Ciwon maƙwabci ya zama ciwona,
Don ba wani zuwan da za a gyara miki.

Godiya kuwa tana da wurin zuwa,
Ga wanda ya riƙe sanda a arewa,
Ga malamin da ya koyar ba gajiyawa,
Ga uwar da ta nuna wa ɗa Gamzaki.

Alaramma na Bakin Nilu:

Ɗana, ƙarshen zancenka ban bi ba,
Addu'ata gare ka ba ta tsaya ba,
Amma idonka bai gigice ba,
Ka zo ka riƙe mini igiya ran aiki.

Ɗan Mai Wurno:

Yaya Mai Alli, in guguwar habub ta taso,
Ko hadarin Satumba ya iso,
Inuwa ta ɓace ran da muke so,
Mu jira wata shida ko da wani birki?

Mai Alli na Sinnar:

Ku ɗaga zuwa gobe, babu asara,
Rana na gusawa digiri 0.4, ba ta jira,
Amma daidai take gusa wa Sinnar da Atbara,
Tazarar 4.2 na nan, ba ta ko tsaki.

Sharaɗi guda: ku auna rana ɗaya,
Baba na Atbara ya kasance kusa da waya,
Tun hantsi ku tabbatar sama ta waye gaba ɗaya,
Sannan kowa ya fito da sandarsa daga ɗaki.