"Rijiya ta bayar, guga ya hana": ta dace da zuciyar da ta bushe?

Ɗalibar Ilmi: Assalamu alaikum. Wata ƙawata tana salla a kan lokaci, tana karatun Alƙur'ani, amma ta ce zuciyarta ta bushe ƙamas, ko hawaye babu, har ta fara zaton Allah ya juya mata baya. Sai wani ya ce mata, "Rijiya ta bayar, guga ya hana," wai ita ce gugan. Karin maganar nan ta dace kuwa?

Bawan Allah: Wa alaikumus salam. Ta dace mana. Rahamar Allah ba ta ƙafewa. Zunubi ne ke huda guga, a zura a jawo ba komai. Ta binciki kanta, ta tuba.

Dattijo: Yaro, ka kai maganar inda ba ta je ba. Ana faɗinta ne idan mai abu ya ce a bayar, na tsakiya ya danne. Guga daban, mai ƙishirwa daban. Yarinyar nan ita ce mai ƙishirwar, ta zo neman ruwa, ka ɗora mata laifi.

Bawan Allah: Baba, ai zuciyar ce a tsakanin bawa da rahamar.

Malama: Ɗan'uwa, ko da mun yarda da haka, wa ke gyara zuciyar? A Suratul Hadid, aya ta 16 ta ambaci waɗanda lokaci ya yi musu tsawo har zukatansu suka ƙeƙashe. Aya ta 17 kuma nan take ta ce mu sani Allah yana raya ƙasa bayan mutuwarta. Ƙasa ba ta raya kanta. Inda karin maganar ta gaza ke nan: ta nuna kamar guga zai iya rinjayar rijiya, alhali babu zuciyar da ta fi ƙarfin Mai jujjuya zukata.

Kuma ba kowace bushewa ce hukunci ba. Sahabi Hanzala ya taɓa cewa ya zama munafuki, don halin da yake ji a gaban Annabi (SAW) yakan gushe in ya koma cikin iyali da dukiya. Abubakar ya ce shi ma haka yake ji. Annabi bai tuhume su ba, ya ce lokaci ne da lokaci. Yana cikin Sahihu Muslim.

Ɗalibar Ilmi: Allah ya saka da alheri, Malama. To me zan ce mata?

Malama: Kar ta bar sallar ko da ba ta jin daɗinta. Ki karanta mata aya ta 53 a Suratuz Zumar, wadda ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, ki riƙa zama da ita. In har barci da cin abinci sun gagare ta, ki raka ta asibiti.

Bawan Allah: Na ji, amma ban janye batun tuba ba. Istigfari ma ai Allah ne ke bai wa bawa ikon yinsa, ta roƙe shi wannan ma.